Cokalin Man Kifi: Abin da Turawa Suka Gano, da Abin da Jos Ta Ƙara

Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, a biranen masana'antu na Birtaniya irin su Landan da Gilasgo, yaro mai lanƙwasasshiyar ƙafa ba ya sa kowa waiwaye, saboda yawansu. Ƙashin yara ne ke yin laushi har ya kasa ɗaukar nauyin jiki. Ƙafa ta yi baka ko ta yi gwame, wuyan hannu ya yi kauri, haƙarƙari ya fito da ƙulle-ƙulle, yaro ya wuce lokacin tafiya yana zaune. Yarinyar da ta tashi da wannan larura kuwa, ƙugunta kan ƙuntace, ranar haihuwa ta sha baƙar wuya. Tun a 1650 wani likitan Ingila, Francis Glisson, ya rubuta littafi a kan cutar, amma aka kwashe fiye da shekara 250 bayansa ba a tabbatar da musabbabinta ba. Wasu suka ɗora wa gado, wasu ƙazanta, wasu gurɓatacciyar iska.

Cikin waɗanda suka fara hango bakin zaren akwai Theobald Palm, likitan da ya yi aiki a Japan. Ya lura cewa da wuya ya ga cutar a can, alhali a ƙasarsu Birtaniya ta cika gari. Sai ya rubuta wa likitocin mishan da ke ƙasashe daban-daban yana tambayarsu abin da suke gani. A 1890 ya fitar da sakamakon: a ƙasashen da rana ke haskawa sosai cutar ba ta da yawa, ko da mutanen matalauta ne, inda hayaƙin gawayi ya rufe sama, gidaje suka cunkushe a lunguna, nan take da gindin zama. Ya ce a fito da yara su sha hantsi. Kaɗan ne suka saurare shi.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abubuwa suka zo a jere. A 1919 Edward Mellanby ya tsare 'yan kwikwiyo a ɗaki yana ba su fate-faten hatsi, ƙashinsu ya lanƙwashe, ya ba su man hantar kifi suka warke. A shekarar dai, a Jamus, Kurt Huldschinsky ya warkar da yara da hasken wata fitila mai fitar da irin hasken da ke cikin rana. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya nuna cewa abin da ke warkar da ƙashi a cikin man daban yake da bitamin A, aka sa masa suna bitamin D. A tsakanin waɗannan shekaru Harriette Chick da abokan aikinta suna birnin Biyena na Ostiriya, inda yunwar bayan yaƙi ta galabaitar da jarirai, suka tabbatar a kan yara cewa ko man kifi ko hasken rana, kowanne yana maganin cutar. Ashe fatar mutum da kanta take haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, shi kuma aikinsa taimaka wa hanji ya tsotse kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Masuntan arewacin Norwe sun riga masana sanin amfanin man, ko da ba su san dalili ba. A tsibiran Lofoten, inda rana kan ɗauke ƙafa na makonni a tsakiyar hunturu, sun daɗe suna tara hantar kifi a ganguna har mai ya taso. Warinsa da ɗacinsa sai wanda ya daure. A 1854 wani mai haɗa magunguna, Peter Möller, ya fito da hanyar turara sabuwar hanta da tururi, man ya fito garau, ya fi shayuwa. Daga nan cokalin man kifi da safe ya zama al'adar gidajen ƙasar, musamman daga Satumba zuwa Afrilu, watannin da rana ba ta da ƙarfin yi wa fata aiki.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne yadda Birtaniya ta kai ilimin har ƙofar talaka. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ana ruwan bama-bamai, ana rabon abinci da kati, gwamnati ta fara ba ƙananan yara man hantar kifi kyauta a ƙarshen 1941, daga baya ta haɗa da ruwan lemo da ake kawowa daga Amurka. Uwa za ta je asibitin yara na unguwarsu ko ofishin abinci, a miƙo mata kwalba, ta dawo idan ta ƙare. Aka kuma tilasta zuba bitamin A da D a cikin man shafa burodi. Ƙasa tana cikin ƙunci, amma ta ga cewa ƙashin ɗan shekara biyu ba zai jira a gama yaƙi ba. Cutar da ta yi ƙarnuka tana nakasa yara ta zama abin da likita kan daɗe bai gani ba.

Labarin yana da wani gefe da ba a cika faɗa ba. Da aka ga amfanin bitamin D, sai aka yi ta zuba shi a madarar gari da garin kunun jarirai, ga kuma man kifi a kai. A shekarun 1950 likitocin Birtaniya suka fara ganin jarirai da kalsiyam ya yi wa yawa a jini, suna amai, ba sa cin abinci, ba sa girma. A 1957 aka rage adadin da ake zubawa. Bitamin A da D ba sa fita da fitsari kamar wasu. Jiki adana su yake yi, idan suka taru su zama illa. Ita ma Norwe, duk da son da take yi wa man kifinta, a 2020 hukumar lafiyarta ta daina ba da shawarar shayar da shi ga jaririn da bai cika shekara ba, ta ce a riƙa ɗiga masa bitamin D zalla. Sun auna, sun ga abin da ya fi, sun canza, ba su ce ai haka suka tarar da kakanninsu na yi ba.

To, mu fa? Idan maganar Palm gaskiya ce, bai kamata a ga gwame da bakan ƙafa a ƙasar da rana ke dukan ƙeya kusan duk shekara ba. Amma muna ganinsu, a birni da ƙauye, mu kan ce gado ne, ko mu ce an yi saurin tsayar da yaro, zai miƙe da kansa. Wannan tambaya ce ta tsaya wa likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, cikinsu har da Tom Thacher, da abokin bincikensu Philip Fischer. Suka ɗauki yara 123 masu wannan larura, suka kasa su uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Bayan mako 24, kusan shida cikin goma na waɗanda suka samu kalsiyam sun kama hanyar warkewa sosai, amma a rukunin bitamin D kaɗai abin bai wuce biyu cikin goma ba. An buga wannan a 1999. Da aka ƙididdige abincin yaran, kalsiyam ɗin da suke samu a rana wajen miligiram 200 ne, bai kai rabin abin da jikinsu ke nema ba. Bitamin D kamar magini yake, kalsiyam kuma bulo. Yaran Gilasgo suna da bulo ba magini. Yawancin yaran Jos suna da magini, bulon ne babu.

Dalilin yana cikin kwanonmu. Da zarar an yaye yaro sai kunu da koko da tuwo, na masara ko dawa ko gero. Hatsin nan ba su da kalsiyam mai yawa, kuma suna ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan wanda ake da shi ya hana hanji tsotsewa. Madara kuma ta yi tsada. Likitocin Jos ba su tsaya a nan ba. Daga baya sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, suka ga shi ma yana warkar da ƙashin yaran. Kifi dai ne ya sake yin rana, sai dai a Norwe hantarsa aka nema, a Jos kuma ƙashinsa.

Nan ne nake ganin muke kuskure. Shiga kowane kemis a Kano ko Zariya ko Maraɗi, za ka tarar da kanta cike da kwalabe masu hoton yaro ɓul-ɓul, wannan na ƙarin jini, wannan na cin abinci, wancan man kifi mai buɗe ƙwaƙwalwa. Uwa za ta kwance bakin zane ta ce, "Malam, a ba ni mai sa yaro ƙiba," a miƙo mata biyu ko uku, ba wanda ya ɗora yaron a sikeli, ba wanda ya tambayi abin da yake ci. Sau da yawa kwalaben suna ɗauke da bitamin iri ɗaya, a haɗa wa yaro su duka. Ba na ganin laifin uwar nan ko kaɗan, ƙauna ce ta kai ta. Amma maganar cewa man kifi yana ƙara wa lafiyayyen yaro basira ba ta samu tabbacin da masu talla ke nunawa ba, kuma kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwai da kindirmo da ƙananan kifi na kwanaki.

Akwai kuwa bitamin da aka tabbatar yaranmu na bukata, kuma kyauta ake ba da shi. Binciken da Alfred Sommer ya jagoranta a yankin Aceh na Indonesiya, wanda aka buga a 1986, ya nuna cewa ba yara bitamin A sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙarancinsa ne ke kawo dundumi, yana kuma sa ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa. Shi ne ɗan kafson da ma'aikaciyar lafiya ke yanke wa baki da almakashi ta matse a bakin yaro lokacin Makon Lafiyar Uwa da Yara: shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5, duk bayan wata shida. Wannan shi ne namu cokalin man kifin, amma gidaje nawa ne ke rufe ƙofa idan an zo da shi, sannan su tafi kemis da kuɗinsu?

Abin da Birtaniya da Norwe suka yi ba ya bukatar teku ko hunturu. Sun gano takamaiman abin da yaransu suka rasa, sun kai shi hannun kowace uwa a kai a kai, sun ci gaba da aunawa har suka gane lokacin da ya yi yawa. Muna da likitocin da suka yi mana kashin farko na aikin tun 1999. Saura a mayar da bincikensu abin da ake faɗa wa uwa ranar awo da ranar rigakafi, da Hausa, da sunayen abincin da ta sani: nonon uwa zalla wata shida, bayan nan kunu da madara ko kindirmo, garin ƙananan kifi da ƙayarsa a cikin miya, kuka da zogale da riɗi, manja da karas da gwanda da mangwaro, hanta da ƙwai idan hali ya yi. Jariri da mahaifiyarsa da ke wuni a ɗaki su ma su riƙa fitowa tsakar gida suna shan hantsi, domin ƙarancin bitamin D bai ƙaurace mana gaba ɗaya ba.

Iyaye, idan kun ga ƙafar yaro tana ƙara lanƙwashewa bayan ya wuce shekara biyu, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, ko yana kukan ciwon ƙafa idan ya yi tafiya, ku kai shi asibiti tun ƙashi yana ɗanye. A wannan lokacin magani da abinci kan miƙar da shi; idan aka bari ya girma a haka, sau da yawa sai an yi tiyata.