Abokin Ɓarawo: Ƙwacen Waya a Birnin Kano da Kasuwar da Ke Ciyar da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya san Kano a shekarun baya-bayan nan ya san wata sabuwar ɗabi'a da mazauna birnin suka koya ba da son ransu ba. Waya takan yi ta ƙara a aljihu, mai ita ya ƙyale ta har sai ya shiga shago ko masallaci. Mai fita sallar asuba yakan bar tasa a gida. Ma'aikaciyar asibiti da ta tashi aikin dare sai ta ƙare wa fasinjojin adaidaita sahu kallo kafin ta sa ƙafa a ciki. Ɗan kasuwar da ya zo sari Kantin Kwari ko Singa daga Maraɗi, Damagaram ko Agadas, abin da mai masaukinsa ke fara gaya masa bayan gaisuwa shi ne ya adana wayarsa. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ƙwacen waya, wanda galibi ake yi da wuƙa ko ɗanbida, kuma ya sha zama ajalin bayin Allah a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

An daɗe ana muhawara a kan yadda za a yi da yaron da ke riƙe da wuƙar. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, an bar jaki ana dukan taiki. Ƙwacen waya sana'a ce mai kasuwa, kuma muddin akwai mai saye ba tare da tambaya ba, za a ci gaba da samun mai ƙwatowa.

Daga daba zuwa ƙwace

Daba ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Asalin kalmar na nufin mazaunin da samari ke taruwa, musamman ƴan farauta da ƴan tauri. Siyasar jam'iyyu ta shekarun 1950, lokacin hamayyar NEPU da NPC, ta jawo irin waɗannan samari cikin bangar siyasa, kuma tun daga nan alaƙar daba da masu neman mulki ba ta yanke ba. Sauran garuruwa ma suna da nasu: sara-suka a Bauci, kalare a Gwambe. Sai dai tsohuwar daba faɗa ce tsakanin unguwa da unguwa, ta nuna jarunta da ramuwar gayya. Wanda ba ya cikinta yakan iya kauce mata.

Abin da ya sauya lissafi shi ne zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, da yaɗuwar manyan wayoyi daga baya. A karon farko, talaka da mai kuɗi, yaro da tsohuwa, kowa ya wayi gari yana yawo da kadara mai tsada wadda ba ta fi tafin hannu ba, mai sauƙin ɓoyewa, wadda kuma za a iya mayar da ita kuɗi cikin sa'a guda. Bayan haka, layin da ke cikinta ya zama mabuɗin asusun banki, ta yadda wanda aka ƙwace wa waya kan yi asara biyu. Da wannan dama ta haɗu da zaman banza da shaye-shaye, sai wuƙar da a da ake zare wa abokin gaba ta koma kan kowane mai wucewa.

Matakan da aka gwada

Ba za a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. A Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. A Yulin 2022 gwamnatin jiha ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A Mayun 2023 Majalisar Tsaro ta Jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. A shekarar ne kuma rundunar ƴan sanda ta yi ta kiran ƴan daba su miƙa makamai su tuba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da nasa amfani, amma idan aka jera su za a ga duk wuri guda suka dosa: yaron, abin hawansa, ƙwayar da yake sha, da hukuncin da zai tsorata shi. Ko sanarwar 2023 ba sabon abu ta kawo ba ta fuskar shari'a, domin dokar fashi da makami ta 1984 ta riga ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi fashi da makami, kuma wuƙa makami ce. Idan da tsananin hukunci kaɗai ke magani, da tuni an huta. Matashin da ƙwaya ta gusar wa hankali ba ya tuna kotu a lokacin da yake zare wuƙa. Abin da ya sani shi ne inda zai kai wayar kafin gari ya waye, da nawa za a ba shi.

Inda wayar ke zuwa

Ɓarawon waya ba don ya yi kira yake ƙwace ta ba. A mafi yawan lokuta ba ta kwana a hannunsa. Akwai mai karɓa a farashin wulaƙanci, akwai mai gyaran da ke goge bayanan cikinta ya buɗe makullinta, akwai wanda ke farke ta ya sayar da gilashi da batir da sauran kayan ciki ɗai-ɗai, akwai kuma wanda ke kwashe kuɗin asusu ta hanyar layin. A ƙarshen wannan sarƙa akwai mutumin kirki, mai salla da azumi, wanda aka miƙo wa waya babu kwali babu rasit a rabin kuɗinta, ya ce ya yi tsintuwa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Waɗannan mutane sun bambanta da yaron ta fuska mai muhimmanci. Suna cikin hayyacinsu, suna da shago ko teburi a wurin da aka sani, suna da jari da sunan da suke tsoron zubewa. Saboda haka su ne barazanar doka za ta fi yi wa tasiri. Kundin Pinal Kod da ake aiki da shi a Arewa tun 1960 ya ɗauki karɓar kayan sata da sani a matsayin babban laifi mai hukuncin ɗauri. Hausawa ma tuni suka yanke hukunci da cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne. Amma sau nawa ake jin an rufe shago, ko an ɗaure mai saye, idan aka kwatanta da yawan samarin da ake jerawa gaban ƴan jarida da wuƙaƙe a gabansu?

Darasi daga kara

Maganin da ake buƙata ba baƙo ba ne ga kasuwar Bahaushe. A kara, wato kasuwar dabbobi, baƙon da ba a sani ba ba ya shigowa da saniya ya sayar ya kama gabansa haka kawai. Sai ya bi ta hannun dillali, kuma la'adar da dillali ke karɓa ba ladan ciniki kaɗai ba ce, har da ɗaukar nauyi: idan mai cigiya ya zo ya gane dabbarsa, dillalin za a fara riƙewa ya fito da wanda ya kawo ta. Wannan tsari bai kawar da satar shanu ba, amma ya sa sayar da na sata a kasuwar da aka san juna ya zama abu mai haɗari.

Waya ta fi saniya sauƙin shaidawa. Kowace tana da lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#, kuma kamfanin sadarwa yana ganinta duk lokacin da aka sa layi. Tun daga Disambar 2020 Nijeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ke nan kayan aikin suna ƙasa. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin ƴan kasuwar waya, irin na Fam Santa da titin Beirut, waɗanda mafi yawan ƴaƴansu masu neman halal ne, su wajabta rajista: duk wayar hannu da aka kawo sayarwa ko buɗewa, a rubuta lambarta da sunan mai kawowa da shaidarsa. Hukumar sadarwa ta ƙasa kuma ta tabbatar cewa wayar da aka kai rahoton sacewa ta daina aiki a kan dukkan layuka.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya. A 2002 Ingila ta yi dokar da ta mayar da sauya lambar IMEI laifi, kamfanonin sadarwarta kuma suka riƙa toshe wayoyin sata a tsakaninsu. A 2013 kamfanin Apple ya shigo da makullin da ke hana amfani da wayarsa sai da izinin mai ita, sannan jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta irin wannan makulli a sababbin wayoyi daga 2015. Hikimar duka ɗaya ce: a rage darajar wayar sata har ta kai ba ta cancanci a zare wuƙa dominta ba.

Wani hanzari ba gudu ba

Mai karatu na iya cewa talauci ne tushen matsalar, kuma rajista ba ta cika ciki. Gaskiya ne birni mai ƙananan hukumomi takwas, cike da samari marasa aikin yi, ba zai zauna lafiya da doka kaɗai ba. Sai dai samar da aiki tafiya ce ta shekaru, ran mai fita asuba kuwa yau yake cikin haɗari. Ban da haka, mafi yawan talakawan Kano ba su taɓa ƙwace wa kowa komai ba, kuma su ne suka fi shan wahalar ƙwacen, tunda mai mota da gilashi a rufe ba kasafai wuƙa ke isa gare shi ba.

Wani kuma zai ce ana iya sauya lambar, ko a farke wayar, ko a tsallaka da ita iyaka. Wannan ma haka ne, kuma shi ya sa batun ya shafi maƙwabta. Wayar da aka toshe a Kano, idan za ta yi aiki a Maraɗi ko Yamai, to an rufe ƙofa ne an bar taga. Dole hukumomin sadarwa na ƙasashen yankin su riƙa musayar jerin wayoyin sata, mai saye a ƙetaren iyaka shi ma ya riƙa tambayar rasit. Ko da tsarin bai toshe kowace kafa ba, duk wahalar da aka ƙara wa mai karɓa tana rage kuɗin da yake ba ɓarawo.

Akwai kuma masu ganin mafita ita ce jama'a su riƙa gamawa da duk wanda aka kama. Ya kamata Kanawa su fi kowa ƙyamar wannan ra'ayi. A Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, taron jama'a ya kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin da ba a tsaya bincike a kansa ba. Ihun “ɓarawo” ba shaida ba ne. Sannan gawa ba ta faɗin wanda take kai wa kaya, don haka duk ɓarawon da aka kashe a titi, an rufa wa mai sayensa asiri ne.

Kammalawa

Tsaron birni ba ya samuwa da sintiri kaɗai, domin babu rundunar da za ta tsaya a kowane lungu daga Kurna zuwa Ɗorayi. Ƴan sanda su bi sawun wayar har shagon da ta shiga, kotu ta hukunta mai karɓa a bainar jama'a, ɗan siyasar da ke zuwa belin yaransa a ambaci sunansa. Masu unguwanni da limamai su riƙa faɗa ƙarara cewa cinikin wayar da ba a san asalinta ba haramun ne, ko da an yi shi a gaban shaidu. Shi kuma mazaunin birni, akwai abin da ke hannunsa tun yau: ya rubuta lambar wayarsa ya ajiye a gida, ya sa wa layinsa lambar sirri, ya miƙa wayar ba gardama idan an tare shi da makami, ya kuma kai rahoto. Idan aka kawo masa waya mai araha babu rasit, ya tuna cewa wataƙila mai ita yana kwance a asibiti, ko an riga an kai shi makwancinsa.