Maganar "ƙafar doya" ta ishe ni haka nan

Rubutun nan yana da tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya fito daga lakca. Amma in kina gudu, ko kana da ƙanwa ko 'yar ajinku mai gudu, don Allah a daure a kai ƙarshe.

Ga matsayata tun daga farko, don kar mu ɓata wa juna lokaci. Ƙafar mai gudu kayan aikinta ce. Duk wanda ya ce miki zai narkar miki da sharaɓa da cinya cikin sati biyu, kuma gudunki yana nan yadda yake, to ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma yana da abin sayarwa. Yawanci ma na biyun ne.

Abin da ya tunzura ni shi ne, a semestan nan kaɗai 'yan mata uku cikin waɗanda muke atisaye tare sun yi min tambaya iri ɗaya, kowacce a ɓoye: yaya za ta yi ƙafarta ta sirance? Ɗaya ta daina cin abincin dare. Ɗaya tana naɗe ƙafarta da leda kafin ta sa wando. Ta ukun kuɗin littafi ta kwashe ta sayi shayin rage ƙiba a Instagram. Dukkansu ba mai ƙiba a ciki. Kawai wasu zauna-gari-banza ne a bakin hostel suka ce musu "ƙafar doya", kamar yadda ake tsokana a nan kudu, sai maganar ta zauna musu a rai.

To ku masu tsokanar, da ku zan fara. In namiji ɗan ƙwallo ya naɗe wando aka ga sharaɓa kamar taɓarya, cewa kuke yi kai, wannan ɗan wasa ne. Ita kuma da ta samu irin wannan ƙafar ta hanya ɗaya da shi, wato tashin asuba da zufa, ta zama abin dariya. Wai ma ina kuka gan ta? Yawancinmu da dogon wando da hijabi muke gudu. Idonku ne bai da aikin yi. Kun san Tobi Amusan, 'yar Ijebu-Ode ce, nan kusa da mu. A watan Yulin 2022 a Oregon ta Amurka ta tsallake shinge goma a mita 100 cikin daƙiƙa 12.12, ta kafa tarihin duniya, duk Najeriya muka yi ta murna. Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996, ta kawo mana zinare a Olamfik. Ku je ku duba hotunansu. Da wace ƙafa suka yi wannan aikin, da sillen kara? Ranar gasar NUGA ku ne kan gaba wajen ihu da ɗaukar bidiyo. Kuna son lambar yabo, kuna raina ƙafar da ta ɗauko ta. Haba!

Yanzu ƙannena, mu dawo kanmu, mu yi maganar ilimi. In kika kama ƙafarki, abu huɗu ne ke ba ta kauri: ƙashi, tsoka, kitse, da ruwa. Kowanne da halinsa.

Ƙashi da fasalin tsoka gado ne. Wata agararta doguwa ce, tsokar sharaɓarta ta tattare can sama kusa da gwiwa, sai a ga ƙafar siririya. Wata kuma agararta gajera ce, tsokar ta sauko kusa da idon sawu, sai a ga ƙafar a cike ko da ba ta taɓa gudu ba. Ki dubi ƙafar mahaifiyarki ko gwaggonki, za ki ga inda taki ta samo asali. Ba shayin da ke ƙara wa agara tsawo. Wannan halittar Allah ce, kuma ba aibu ba ce.

Kitse kuma ba ya karɓar umarni. Ba za ki nuna masa cinya ki ce daga nan za ka fara tafiya ba. Tun a 1971 masu bincike a Amurka suka auna hannuwan 'yan wasan tanis, mutanen da ke wahalar da hannu ɗaya shekara da shekaru. Hannun da ke riƙe raket ya fi tsoka, amma kitsen da ke ƙarƙashin fata kusan ɗaya ne a hannuwan biyu. In da motsa waje ɗaya yana ƙona kitsen wajen, ai da an gani a nan. Jiki daga ko'ina yake ɗiban kitse, kuma a jikin mata cinya da ƙugu su ne sukan zo ƙarshe. Saboda haka bidiyon nan na "minti goma kullum, cinya ta zube" cin data ne kawai.

Sai ruwa, wanda shi ne jarin 'yan damfara. Tsoka tana ajiye makamashin da kike gudu da shi, sunansa gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. In kika daina cin shinkafa da tuwo kwana uku, ajiyar nan ta ƙare, ruwan ya bi ta, sikeli ya sauka, ƙafa ta ɗan saki. Sai ki ce magani ya yi aiki. Tankin man ki ne kika zubar, 'yar uwa. Ranar atisaye za ki gane, a zagaye na biyu ƙafar za ta zama kamar ba taki ba. Leda ma haka take: zufa ce ke fita, kina shan ruwan leda biyu ta dawo, sai dai ƙuraje da ta bar miki a wannan zafin na Ibadan. Shayin kuwa, da yawansu ganyen sena ne a ciki, dangin filaskon da kakanninmu ke sha in za su wanke ciki. Gudawa kike saye da tsada, an sa mata kwali mai kyau. Tana kwashe miki ruwa da gishirin jiki, irin wanda tsoka da zuciya ke aiki da shi.

Saura tsoka. A nan zan faɗi gaskiyar da masu talla ba sa faɗa: eh, tsoka tana raguwa. Wanda aka ɗaure wa ƙafa da filasta na sati shida ya sani, ƙafar kan fito a tsotse. Amma ƙarfin ma ya tafi tare da ita. A kowane taku na gudu, tsokar sharaɓa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinki wajen sau shida. In kika rage ta da yunwa, nauyin bai ragu ba, ƙashin ƙwauri da agara da gwiwa ne za su biya bashin.

Kuma yunwar tana da suna a likitance. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan abin da ya kira RED-S, wato halin da ɗan wasa ke shiga in abin da yake ci bai kai abin da yake ƙonawa ba. Yana kama maza ma. A mace, alamar da ta fi fitowa fili ita ce al'ada ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya, ƙashi ya yi rauni ya fara tsagewa, ga yawan mura, ga kasala, ga karatu ba ya zama. Mary Cain ta Amurka tana 'yar shekara 17 ta kai wasan ƙarshe na mita 1500 a gasar duniya ta 2013. A 2019 ta fito ta bayyana yadda aka matsa mata ta rage nauyi, al'adarta ta ɗauke shekara uku, ta karya ƙashi biyar. Wannan fa a Amurka ne, inda take zagaye da ƙwararru da kayan aiki. Ke da kike haɗa atisaye da lakcar ƙarfe takwas da garin kwaki, wa zai tare ki in kin faɗi?

Kar wani ya juya min magana: ba azumin ibada nake nufi ba. Mai azumi tana sahur, tana buɗa baki, tana mayar da atisayenta yamma ko bayan isha'i. Ina maganar wadda ke kwana da yunwa wata da watanni saboda bakin wani.

Na san za a ce min, ai jikinta ne, in tana son siririyar ƙafa ina ruwanki? Gaskiya ne, jikinta ne, kuma son kyau ba laifi ba ne. Ni ma ina da siket ɗin atamfa da ya ƙi wuce cinya. Amma wanda zai zaɓa ya kamata ya san farashi. Ga abin da zai yiwu, ba ƙari ba ragi.

Na farko, ki duba irin gudun da kike yi. 'Yan mita 100 da 200 suna dogara da zaren tsoka mai saurin fizga, wanda shi ya fi kumbura. 'Yan dogon zango suna dogara da mai juriya, wanda bai cika girma ba. Shi ya sa ƙafar masu lashe gudun fanfalaki na Legas daban take da ta Amusan. In kika karkata zuwa doguwar tafiya a hankali a shimfiɗaɗɗen fili, kika rage gudun fizga da hawan tudu, ƙafar za ta iya ɗan sauyawa cikin watanni. Garin nan kuwa duk tudu ne, wanda ya taɓa hawa Mokola ko Oke Are da ƙafa ya san inda yake jin sa. Sai dai ki sani, saurinki na gajeren zango zai ragu. In ke 'yar mita 200 ce mai neman shiga tawagar makaranta, wannan cinikin asara ne.

Na biyu, kar ki gudu daga ɗaga ƙarfe, ki dai canza yadda kike yinsa. Abin da ya fi gina girman tsoka shi ne maimaitawa da yawa, zubi bayan zubi, har sai ta gaji tilis. Ƙarfi kuma ana iya riƙe shi da aiki kaɗan matuƙar nauyin bai ragu ba: maimaici uku zuwa biyar, zubi biyu ko uku, sau ɗaya ko biyu a sati, a tsaya kafin a galabaita. Abin dariyar shi ne masu tsoron "doya" su ne ke yin tsugunne ɗari da ɗage dunduniya ɗari biyu kowane dare a ɗaki, wai suna ƙona kitse.

Na uku, ki ci abinci. Ƙwararru kan abincin 'yan wasa suna ba da shawarar furotin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 55 tana buƙatar giram 66 zuwa 110 ke nan. Ƙwai ɗaya kimanin giram 6 ne, ki yi lissafi ki ga ko Indomie da ƙwai ɗaya ya isa. Na san halin aljihun ɗalibi, amma wake, awara, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kifi da nono ba su fi ƙarfinmu ba, ko a kasuwar Bodija ko a Sabo. In da gaske akwai kitsen da ya yi yawa, a fara da lemon kwalba da soye-soyen dare, a tafi sannu, kar ya wuce rabin kilo a sati, kuma ba a lokacin gasa ko jarrabawa ba.

Na huɗu, ki daina auna ƙafa bayan atisaye. A lokacin jini ya taru a tsoka, dole ta cika, zuwa an jima za ta sauka. In za ki auna wani abu, ki auna lokacinki a fili.

Na biyar, akwai inda maganar ta wuce kwalliya. In al'ada ta ɗauke wata uku, ki je asibitin makaranta, kar ki ce ai haka 'yan wasa suke. In akwai wuri ɗaya a ƙwauri da ke zafi in kin danna, kuma yana ƙaruwa da gudu, ki tsaya a duba ki. In ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, da zafi da ciwo, ranar za ki ga likita, kar ki bari a yi ta murza ta da man zafi.

Masu horarwa, ku ma ina da magana da ku, cikin girmamawa. Na taɓa jin wani koci ya ce wa yarinya a gaban kowa wai ta yi nauyi, ta rage ƙafa. Bai tambayi abin da take ci ba, bai duba lokacinta ba. Yallaɓai, agogo ke hannunka, da shi za ka yi hukunci. Kalma ɗaya daga bakinka ta fi ta 'yan bakin hostel ɗari nauyi a wajen yarinyar nan.

Mu kuma Hausawan da ke karatu a nan, mu ji tsoron Allah a kan junanmu. Kun san da ƙyar iyaye ke barin 'ya mace ta zo kudu karatu, balle a ce ta shiga wasanni. Wadda ta tsallake duk wannan ta fito fili ba ta buƙatar ɗan garinsu ya zama shi ne mai yi mata dariya a guruf ɗin WhatsApp. In ba za ka raka ta da addu'a ba, ka yi shiru, shi ma sadaka ne.

Ke kuma ƙanwata, in siket ya matse, ki kai wa tela ya buɗe inci biyu, aikin minti ashirin ne. Ƙashin da ya tsage kuwa sai ya ci miki sati shida zuwa takwas kina kallon fili daga nesa, wani ma ya fi haka. Ki ci abincin darenki, ki cire ledar nan, shayin kuma ki zubar kar ki ba wa wata.

Wanda ya ga kansa a cikin rubutun nan ya yi haƙuri, ban kira suna ba. A tura wa duk wadda aka san tana buƙata. Ranar Asabar ƙarfe shida da rabi muna fili kamar kullum, mai son fara gudu ta zo, ko da tafiya za ta fara. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.