Kada A Kashe Fitilar, A Nemo Cutar

Yawancin motocin da ke yawo a titunanmu sun riga sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin a sauke su a Kwatano ko Legas. Da yawansu suna da birkin nan da ake kira ABS, wanda kamfanin Bosch ya fara sa wa Marsandi a 1978. Aikinsa shi ne hana taya ƙamewa idan direba ya taka birki da ƙarfi, domin motar ta ci gaba da bin sitiyari maimakon ta sulale.

Abin da ya dame mu shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejojinmu. Da zarar fitilar ABS ta ƙi mutuwa a dashbod, sai wani bakanike ya cire ƙwan, ko ya rufe shi da baƙin salatif, mai mota ya biya ya tafi da murna. Wasu dillalai ma haka suke yi kafin su sayar. Wannan ha'inci ne, ba gyara ba.

Fitilar nan takan kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam, a tuhume ta. Idan kuwa ta ƙi mutuwa, kwamfutar motar ta ga matsala ke nan, ta dakatar da ABS. Birki na nan yana ci, amma ranar da aka taka shi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, taya za ta ƙame. In har jar fitilar birki ta kama tare da ita, to a ajiye motar, a duba man birki tukuna.

Bincike kuwa daga mai araha ake farawa: fiyus, da ƙarfin batir, da wayoyi. Kowace taya tana da sansa mai ƙirga juyawarta ta hanyar wani zobe mai haƙora. Laka da ƙurar ƙarfe sukan toshe shi, ramukan hanya sukan tsinka wayarsa. Sau da yawa ma laifin na gyaran baya ne, wato an canja shaf aka sa wanda haƙoransa ba su yi daidai ba, ko an haɗa tayoyi masu girma dabam-dabam. Tsohon sansa mai waya biyu ana auna shi da mita, a kwatanta na hagu da na dama. Tsofaffin Toyota da Honda kan faɗi lambar cutar da ƙyaftawar fitila, amma fa a sani, ƙaramar na'urar bincike mai araha yawanci inji kaɗai take karantawa, ko da motar tana da soket ɗin OBD-II da Amurka ta wajabta a 1996. Akwatin ABS ɗin kansa, mai tsada, shi ne na ƙarshe da za a zarga.

Direbobi kuma su lura, idan fedar birki ta yi karkarwa a ƙarƙashin ƙafa lokacin taka birkin gaggawa, ba lalacewa ba ce, kada a ɗaga ƙafa.

Muna kira ga ƙungiyoyin kanikawa su hana 'ya'yansu cire ƙwan nan, jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma su riƙa sa direba ya murɗa makulli a gabansu, su ga ko fitilar ta kama ta kuma mutu.