Jigilar kayan gaggawa a Faransa: takarda da ciniki su riga mota

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taron suna ko ɗaurin aure a tsakanin Hausawan Faris da kewaye, ko can wajen 'yan uwanmu na Liyon, a watse ba ka ji wani matashi yana ba abokansa labarin cewa ya kusa sayen motarsa ta kaya ba. Wasu sun gaji da raba kunshin saƙo gida gida a ƙarƙashin wani, wasu sun gaji da aikin gadi ko lodi a manyan rumbunan ajiya, kowa dai yana son ya zama mai gidan kansa. Mu da muke jagorancin matasa ba ma adawa da wannan buri, hasali ma muna alfahari da shi, domin iyayenmu da suka zo ƙasar nan shekaru aru aru ba su wahala don mu ƙare a matsayin 'yan ƙwadago ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake shiga sana'ar ta baya, wato a sayi mota tukuna sannan a fara tambayar me doka ta ce, kuma wa zai ba da kaya.

Ga wanda bai sani ba, sana'ar da muke magana a kai ita ce ɗaukar kayan da ba sa jira. Wata masana'anta a Saint-Priest inji ya tsaya mata saboda ƙarfe guda, ƙarfen kuwa yana filin jirgin sama na Roissy, to za a buga maka waya ko da tsakar dare ne, ka ɗauka ka bi babbar hanyar A6, kimanin kilomita 460, ka sauke kafin ma'aikatan safe su iso. Ana yin ta da ƙananan motocin kaya irin su Renault Master da Fiat Ducato da Iveco Daily, waɗanda nauyinsu har da kaya bai wuce tan 3.5 ba, shi ya sa lasisin tuƙi na ƙaramar mota ya wadatar. Wannan sauƙin shi ke ruɗin yaranmu, su ɗauka tun da suna da lasisi a aljihu an gama magana.

Ba a gama ba. Dokar Faransa ta ce duk wanda zai ɗauki kayan wani don a biya shi, sai ya sami shaidar ƙwarewa a harkar jigila, wadda ake samu bayan horo na awa 105 da jarrabawa. Sai ya nuna yana da jarin da bai gaza Yuro 1,800 ba a kan motar farko, da Yuro 900 a kan kowace mota da ya ƙara, sannan a duba ko yana da wani tabo a kotu da zai hana shi. Bayan haka ne za a sa sunansa a rajistar masu jigila, a yankin Faris a ofishin DRIEAT, a Liyon kuma a ofishin DREAL, a ba shi lasisi, kuma dole kowace mota ta riƙa yawo da kwafinta. Wanda ya yi aikin ba rajista, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000. Ga wanda yake zaune da takardar izinin zama da ake sabuntawa, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Horon nan kuwa makonni uku ne kacal, kuma mutum na iya neman a biya masa daga asusunsa na horo da ake kira CPF, ko ya nemi taimakon France Travail. Duk da haka sai ka ga saurayi ya gwammace ya ari takardar wani ɗan uwa yana ba shi wani abu duk wata. Muna faɗa da babbar murya, wannan arar takarda ba zumunci ba ne. Ranar da jandarma suka tsayar da motar, ko kaya suka lalace inshora ta ƙi biya, mai takarda da mai mota duk za su shiga uku, sai gaba ta shiga tsakanin gidaje biyu da suka shekara talatin suna cin tuwo tare.

Mun ga irin wannan da idonmu. Wani ɗan ƙungiyarmu, yaro mai hankali da ladabi, mahaifiyarsa ta ɗauki kwasar adashenta gaba ɗaya ta damƙa masa, ya je ya sayo tsohuwar mota ƙirar 2009 saboda arha. Sai da ya biya kuɗi sannan ya gane cewa tambarin hayaƙinta Crit'Air 3 ne, alhali hukumar babban birnin Liyon ta hana motocin kaya masu wannan tambari shiga tsakiyar gari tun Janairun 2021. Yankin Faris ma ya sa nasa takunkumin a kan Crit'Air 3 a Janairun 2025. Gaskiya ne a watan Mayun 2025 'yan majalisar dokoki sun kaɗa ƙuri'ar soke waɗannan yankuna na taƙaita hayaƙi, amma mu shawararmu ba ta canja ba, domin tsohuwar motar dizal da ta ci kilomita dubu ɗari uku ko doka ta ƙyale ta, gareji ba zai ƙyale ta ba. Yaron nan ya yi wata bakwai yana aiki wa wani kamfani guda, rana ɗaya aka aiko masa da saƙo a waya cewa an daina buƙatarsa. Yau ya koma lodi, motar tana ajiye, uwar kuwa ba ta ce masa komai ba, wanda hakan ya fi faɗa ciwo.

Inda muka fi so a tsaya a yi tunani shi ne lissafi, domin nan ne ake cin mu. Idan aka ce maka za a biya ka kaza zuwa Liyon, kuɗin yana da daɗin ji. Amma motar ba za ta kwana a Liyon ba, sai ta dawo, tafiya ta zama kilomita 920. Irin waɗannan motoci da kaya a kan babbar hanya suna iya shan kusan lita 100 na dizal a zuwa da dawowa, a ce lita tana Yuro 1.70, Yuro 170 sun tafi ke nan, kuma duk mun tuna watan Maris na 2022 lokacin da litar ta haura Yuro 2. Ga kuɗin ƙofar hanya, wanda motar da tsayinta ya wuce mita 2 take biya a aji na biyu, sama da abin da ƙaramar mota ke biya. Ga inshorar mota, ga inshorar kayan da ka ɗauko wadda daban take, ga taya da birki da juyen mai, ga kuɗin da ya kamata ka riƙa ajiyewa don ranar da motar za ta mutu. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sun san wannan sarai. Madugu yakan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, ya dawo daga Salaga da goro, ba a taɓa jin ayarin da ya koro jakuna wayam zuwa gida ba. Mu jikokinsu ne muke dawowa daga Liyon da mota fanko muna murna mun yi ciniki. Akwai kasuwannin neman kaya a intanet irin su Teleroute da B2PWeb da Timocom, kuma yankin Saint-Quentin-Fallavier kusa da Liyon cike yake da rumbunan kaya, kamar yadda Garonor da Gennevilliers da Rungis suke a wajen Faris. Wanda bai nemi kayan dawowa ba tun kafin ya tada mota, rabin tafiyarsa sadaka ce ga masu gidan mai.

Wani ramin kuma shi ne irin rajistar kasuwanci da ake zaɓa. Yawancin yaranmu suna rugawa tsarin ƙaramin ɗan kasuwa, wanda Faransawa ke kira micro-entreprise, saboda babu wahalar takardu. To amma a wannan tsari hukumar URSSAF tana yankar sama da kashi 20 cikin 100 ne daga dukkan kuɗin da ya shigo, ba daga riba ba, ba ruwanta da man da ka sha ko kuɗin hanya. Kuma muddin kana ƙarƙashin rangwamen harajin TVA, ba za ka karɓo harajin da ka biya a kan mota da dizal ba. Tsarin ya dace da mai aski ko mai gyaran kwamfuta da ba ya kashe kuɗi da yawa, mai mota kuwa da yake ƙona babban kaso na cinikinsa a hanya, gara ya biya akawu na awa guda ya zauna da shi kafin ya sa hannu a ko'ina.

Sai batun nauyi, a taƙaice. Babbar motar nan mai akwati da injin ɗaga kaya a baya, ita kanta tana da nauyi, sau da yawa abin da ya rage mata na kaya bai kai tan ɗaya ba. Mai ba da kaya zai ce ƙara wannan ɗaya kawai, amma tarar kai za a rubuta wa, kuma ana iya tsare motar a wurin.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne akwai haƙƙoƙin da doka ta ba mai mota, amma namu ba su san su ba, sai su yi ta haƙuri ana cinye guminsu. A harkar jigila ba a yarda a wuce kwana 30 daga ranar takardar neman biya ba a biya ka ba. Tun 2006 doka ta ba da damar daidaita farashin jigila idan kuɗin dizal ya sauya. Sannan akwai dokar Gayssot ta 1998, wadda ta ce idan ɗan tsakiyar da ya ba ka aiki ya ƙi biya ko ya karye, kana da ikon neman kuɗinka kai tsaye daga wanda ya aiko kayan ko wanda ya karɓa. Sai dai shekara ɗaya kawai kake da ita ka bi haƙƙinka, kuma hujjarka ita ce takardar rakiyar kaya da aka sa wa hannu, wadda wasunmu ke barin ta tana yawo a ƙarƙashin kujera. Masu hangen Beljiyam da Jamus kuma su sani, tun Mayun 2022 motar da ta wuce tan 2.5 tana buƙatar lasisin Tarayyar Turai kafin ta tsallaka iyaka da kayan haya, kuma Tarayyar ta tsayar da 1 ga Yulin 2026 a matsayin ranar fara sa musu na'urar ƙidaya awannin tuƙi.

Za a ce mana ai wasu sun fara ba takarda kuma yau suna da motoci biyar. Haka ne, mun san su, muna kuma gaisawa. Amma waɗanda suka faɗi ba sa zuwa taro su ba da labari, shi ya sa ake jin kamar kowa ya ci riba.

Roƙonmu ga iyayenmu da dattawan al'umma shi ne, duk yaron da ya zo neman gudummawar sayen mota, a tambaye shi shaidar horonsa, da sunayen aƙalla kamfanoni biyu da suka yi masa alkawarin kaya, da kuɗin da zai riƙe shi wata uku kafin biyan farko ya shigo. Idan babu, a biya masa horon, kuɗin motar ya jira, ko ya fara da motar haya ta wata wata ya gwada kasuwar. Mu kuma a namu ɓangaren mun fara tattara sunayen direbobinmu masu cikakkun takardu na Faris da na Liyon, domin wanda ya sauke kaya a can ya sami wanda zai nuna masa na dawowa, da ɗakin da zai runtsa na awa uku kafin ya sake hawa A6. Zuwa yanzu na Liyon ne ba su aiko da nasu sunayen ba, muna jiran su kafin taronmu na wata mai zuwa.