Ko Ya Dace Ɗalibi Kirista Ya Karanta Labaran Allolin Girkawa?

Kusan kowace shekara sai an ta da wannan magana a taron iyaye da malamai. Uba ya buɗe littafin adabin ɗansa, ya ga sunan Zeus ko Afolo, ko ya ji yarinya tana haddace wasan kwaikwayo mai maganar alloli da duba, sai hankalinsa ya tashi. Ya ce shi ya kawo ɗansa makarantar mishan ne domin a koya masa tsoron Allah, yaya kuma za a cika masa kai da gumakan arna? Tambayar tana da nauyi, masu yin ta kuwa mutane ne da suke ƙaunar 'ya'yansu. Duk da haka ni ina ganin ya kamata ɗalibanmu su karanta waɗannan labarai, a gaban malami, kuma zan faɗi dalilina.

Mu fara da Littafi Mai Tsarki, tun da shi ne ma'auninmu. A Ayyukan Manzanni sura 14, Bulus ya warkar da wani gurgu a Listira. Nan take jama'ar garin suka ɗauka alloli ne suka sauko da siffar mutane. Suka kira Barnaba Zafsa, wato Zeus, Bulus kuma Hamisa, wato Hermes, saboda shi ne mai magana. Har firist ɗin Zeus ya kawo bajimai da furanni zai miƙa hadaya, sai da manzannin suka kyakketa tufafinsu kafin a fasa. Mai karatu zai yi mamakin wannan gaggawa. Me ya sa waɗannan alloli biyu, ba wasu ba?

Obid, mawaƙin Romawa, ya ba da wani labari a kashi na 8 na littafinsa Metamorphoses. Ya ce waɗannan alloli biyu sun taɓa zuwa ƙasar Firijiya kamar matafiya, suka bi gida gida suna neman masauki, kowa ya rufe musu ƙofa. Sai wani tsoho Filimon da matarsa Baukis, talakawa tilis, suka karɓe su a 'yar bukkarsu. Suka kawo ɗan abin da suke da shi, har suka bi dinyarsu ɗaya tak za su yanka wa baƙi, ita kuwa ta gagare su kamu don tsufa. Daga baya ruwa ya cinye garin duka, bukkar tsofaffin kaɗai ta tsira, ta zama haikali. To, Listira tana maƙwabtaka da Firijiya. Masana da dama suna ganin mutanen wurin sun san irin wannan labari, shi ya sa suka yi rawar jiki kada su maimaita laifin kakanninsu. Ɗalibin da ya san labarin Obid zai karanta sura 14 da buɗaɗɗen ido, zai kuma gane girman aikin da ke gaban Bulus a ranar.

Bulus kansa fa? Da ya tsaya a Tudun Arasa a Atina, sura 17, bai buɗe musu littafin Ishaya ba, domin ba su san shi ba. A aya ta 28 ya ɗauko rabin baiti daga waƙar Aratus, wani mawaƙi na ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, mutumin Kilikiya, lardin da Tarsus take. Waƙar a kan taurari ce, kuma da yabon Zeus ta fara. Bulus ya ɗauki abin da ke gaskiya a cikinta ya juya shi zuwa ga Allah mai rai. A 1 Korantiyawa 15:33 akwai maganar da ake samu a wasan Menanda, a Titus 1:12 kuma ya ambaci wani mutumin Karita da ake cewa Efimenides ne. Mutum ba ya kawo baitin da bai taɓa ji ba. Kafin Bulus ma, an koya wa Musa hikimar Masarawa, Daniyel kuma ya yi shekara 3 yana koyon harshe da littattafan Kaldiyawa, bai ƙazantu ba.

Gardamar nan tsohuwa ce a cikin ikkilisiya. Tatuliyan na Kartaj, a Afirka ta Arewa, yana ganin babu abin da ya haɗa mai bi da ilimin Atina. Basil na Kaisariya kuwa, a ƙarni na 4, ya rubuta wa samari nasiha a kan yadda za su amfana da littattafan Girkawa, su yi kamar ƙudan zuma da ke zaɓen furen da zai sauka a kai. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru a shekara ta 362. Sarkin Roma Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya ya koma bautar gumaka, ya kafa doka ya hana malamai Kirista koyar da Homa da sauran mawaƙa. Ya san abin da yake yi. In aka raba Kirista da wannan ilimi, za su zama ba su da baki a majalisa da kotu da makaranta. Shugabannin ikkilisiya na lokacin sun ɗauki dokar a matsayin tsanani. Abin da maƙiyi ya so ya ƙwace mana da ƙarfi, ashe mu za mu ajiye shi da hannunmu?

Kada kuma a ce ina wanke waɗannan alloli. Halinsu abin kunya ne. Zeus mazinaci ne, matarsa Hera ga kishi da mugunta, Hermes kuwa ya saci shanu tun ranar da aka haife shi. Girkawa da kansu sun lura da haka. Zenofanis ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, Aflatun kuma ya so a kori irin waɗannan mawaƙa daga birnin da ya tsara. Akwai wurare a cikin Obid da ba zan sa a gaban ɗan aji ɗaya ba, ko kusa. Agustin, ɗan ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi nadamar hawayen da ya zubar yana yaro saboda mutuwar Dido a waƙar Bajil, alhali bai yi kukan zunubinsa ba. Gargaɗinsa yana nan daram. Sai dai a tuna, Latin ɗin da ya rubuta wannan nadama da shi, da karatun Bajil ya goge shi.

Wani zai ce ai kamar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce, a yi dariya a wuce. Ba daidai ba ne sosai, domin ba wanda ya taɓa gina wa Gizo haikali, su kuwa waɗannan an yanka musu dabbobi shekaru aru-aru. Amma yau haikalinsu kango ne da masu yawon buɗe ido suke ɗaukar hoto. Abin da ya rage shi ne tambayoyin da mawaƙan suka yi, kuma tambayoyi ne na gaske. Iliyad ta Homa, mai kashi 24, a kan fushin mutum ɗaya ce da irin ɓarnar da ya jawo wa abokansa. Kusa da ƙarshenta tsohon sarki Firiyam ya je da dare ya sumbaci hannun wanda ya kashe masa ɗa, yana roƙon gawa. Wasan Sofokilis a kan Oedipus kuwa yana tambaya ko mutum zai iya tsere wa ƙaddara. Ola Rotimi ya mayar da shi ƙasar Yarabawa a wasansa The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a 1968, ya kuma ɗora nauyin a kan zafin zuciyar Odewale da ƙabilanci. Ajin da ya karanta wannan ya sami ƙofar tattauna zunubi da zaɓi da alheri fiye da yadda wa'azin safiya na minti goma zai bayar.

Su kansu masu ƙin karatun suna ambaton allolin nan kullum ba su sani ba. Janairu daga Janus ne, mai fuska biyu, Maris daga Mars allahn yaƙi, Yuni kuma daga Juno.

Roƙona ga hukumar makaranta shi ne a ci gaba da koyar da su, malamin adabi da na ilimin addinin Kirista su zauna tare su zaɓi abin da ya dace da kowane aji. Ga iyaye kuma, duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya karɓi littafin a hannun ɗansa lokacin hutu ya karanta da kansa, sa'an nan ya zo ofishin malamai farkon zango mu buɗe Ayyukan Manzanni 14 da 17 tare.