Sarkin Kabi ne, ba "Emir" ba

Kalmar "Emir" da Turawan Ingila suka liƙa wa sarakunanmu aro ce daga Larabci, amir, wato mai ba da umarni. Ta dace da masu tutar Shehu da ke ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Amma sarautar Kabawa ta Argungu fa? Bayan faɗuwar Birnin Kebbi a 1805, Kabawa sun ƙi sallamawa, sun yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Bature. Sarautarsu ta Kanta ce, tun Surame, ta girmi jihadi da ƙarnuka. Raina na ɓaci in na ji ɗan makaranta a Augie yana cewa "Emir" alhali kakarsa Sarkin Kabi ta sani. Malamai da 'yan jarida, ku kira shi da sunansa.