Mai faran-faran a kujerar shugaba, wa yake saurare?

A kowace fada ta samari, a Damagaram ko a Yamai, ba a jimawa ake gane wanda zai ja ragama. Shi ne mai gaisawa da kowa, mai tada hira in ta mutu, wanda zai shiga ma'aikata bai san kowa ba ya fito da lambar wayar shugabanta. Haka ake zaɓe a ƙungiyoyi da kamfanoni. Haka ɗan ci-rani ke yi in ya tara kuɗi a Abijan ya buɗe shago a Maraɗi: sai ya danƙa shi ga ƙanen da ya fi iya magana.

Zaɓen ba wauta ba ne. Mai faran-faran yana jawo ciniki, yana sasanta rigima tun ba ta yi nisa ba, kuma ba ya jin nauyin buga ƙofa. Tun 1921 likitan ƙwaƙwalwa Carl Jung ya bambanta mutanen da hankalinsu ke karkata ga jama'a da waɗanda ke komawa cikin tunaninsu, bai kuma ce wani ya fi wani ba. Masu ɗaukar aiki ne suka yanke wannan hukunci, domin a ganawar minti goma mai baki ne ke haskawa.

Sai dai akwai binciken da ya kamata su sani. A 2011 Adam Grant da abokan aikinsa biyu sun wallafa nazarin da suka yi a shagunan sayar da pizza a Amurka. Inda ma'aikata ke jiran umarni kawai, shagon da mai faran-faran ke shugabanta ya fi riba da kashi 16 cikin 100. Inda ma'aikata ke kawo shawara da kansu, ribarsa ta yi ƙasa da kashi 14. Dalilin a fili yake: wanda ya saba shi ake kallo yakan ɗauki shawarar na ƙasa tamkar ƙalubale, sai ya katse ta, mai ita kuma ba ya sake buɗe baki.

A nan ne abin ya shafi Nijar sosai. Yaron da aka tarbiyyantar da kunya ba ya tsallake maganar babba a taro, balle budurwar da ta fara aiki cikin maza. Shirunsu ladabi ne, amma shugaba mai yawan magana yana karanta shi a matsayin amincewa, ko rashin abin faɗa. Ya tashi taro yana murna kowa ya yarda, alhali mai riƙe da lissafi ya ga ramin da za a faɗa. Wanda ya fito daga Jami'ar Abdou Moumouni da sabon tunani, in aka katse shi sau biyu, na uku sai dai a ji ya nemi aiki a wani wuri.

Ba a ce mai faran-faran ya sauya hali ba, ba zai ma iya ba. Abin da zai iya shi ne ya zama na ƙarshen magana a taro, ya bi masu shiru ɗaya bayan ɗaya a keɓe. Shi kuwa mai shagon da ke Abijan, bayan ya gama sauraron saƙon muryar ƙanensa a WhatsApp, ya kira yaron da ke rubuta bashi ya tambaye shi nawa ke waje.